Gyaran Giɓin Ƙashin Muƙamuƙi a Tiyatar Tsinin Saiwar Haƙori: Yaushe Ake Sa Tantani, Kuma Yaya Ake Sa Shi

Idan ɓargon haƙori ya mutu, ƙwayoyin cuta suka yi sansani a magudanar da ke cikin saiwa, dafinsu yakan riƙa tsiyaya ta tsinin saiwar, jiki kuma ya tura dakarunsa su tare shi a nan. A wannan artabu ne ƙashin da ke kewaye da tsinin ke narkewa sannu a hankali, ya bar rami cike da jan nama mai kumburi, wani lokaci kuma da jakar ruwa. Akasarin irin waɗannan ramuka sukan cike da kansu da zarar an wanke magudanar ta cikin haƙori an toshe ta da kyau, ko an sake aikin idan na farko bai yi inganci ba. Sai dai akwai lokutan da hanyar ciki ba ta biyuwa: ƙila akwai turken ƙarfe da aka kafa a saiwar wanda cire shi zai iya tsaga ta, ko guntun kayan aiki ya karye ya maƙale can ƙasa, ko kuma an sake aikin amma ciwon ya ƙi jin magani. A nan ne ake ɓullo wa lamarin ta waje, a ɗaga dasashi, a buɗe ƙashi, a yanke tsinin saiwar a toshe ta ta baya.

Bayan an gama wannan, likita yakan tsaya yana kallon giɓi a ƙashin muƙamuƙi, kuma tilas ya yanke shawara kafin ya ɗauki zaren ɗinki: ya bar jini ya cika ramin ya rufe, ko kuwa ya taimaka wa ƙashin da garin ƙashi da tantani, wato siririn shingen da ake shimfiɗawa a bakin ramin. Wannan jagora na abokan aiki ne da ɗaliban da ke koyon wannan tiyata, ko da yake majiyyacin da aka ce za a yi masa ita zai iya fahimtar abin da ke gabansa idan ya karanta. Abin da zan riƙa komawa kansa shi ne cewa tantani da garin ƙashi ba sa kashe cuta, kuma ba kowane rami ne ke buƙatarsu ba.

Dalilin da ya sa ake sa shinge

Warkewar rauni tsere ne tsakanin ƙwayoyin halitta iri daban-daban, kuma wanda ya riga isa fili shi ke gina nasa. Ƙwayoyin fatar dasashi da na nama mai laushi suna da saurin yaɗuwa ƙwarai, su kuwa masu gina ƙashi da masu saƙa zaruruwan da ke ɗaure saiwa da ƙashi tafiyar hawainiya suke yi. Idan rami yana buɗe ga dasashi ta fuska mai faɗi, nama mai laushi zai kutsa ya cika shi tun kafin ƙashi ya taso daga bango, sakamakon kuma shi ne tabo a maimakon ƙashi. Wani mai bincike mai suna Melcher ne ya fayyace wannan tunani a 1976, sannan a 1982 Nyman da abokan aikinsa a Suwidin suka gwada shi a haƙorin mutum, suka sa siririyar matata tsakanin dasashi da saiwa, suka nuna cewa sabon riƙo na iya tsirowa idan aka tsare masa wuri. Daga nan dabarar ta samu sunan jagorantar tsirowar nama, wadda littattafai ke taƙaitawa da GTR. A 1990 Dahlin da abokansa suka yi gwaji a birai, suka huda ƙashin muƙamuƙi fuska biyu, har da inda aka yanke tsinin saiwa: ramukan da aka rufe da tantani sun cike da ƙashi, waɗanda aka bari a buɗe kuwa nama ne ya mamaye yawancinsu.

Saboda haka aikin tantani ɗaya ne, wato ya tare nama mai laushi a waje na wasu makonni. Garin ƙashi kuma yana tokare tantanin don kada ya rufta cikin ramin, yana riƙe gudan jini a wuri ɗaya, yana kuma zama matakalar da sabon ƙashi zai bi.

Mataki na farko: a san irin giɓin tun kafin a yanka

Rabin aikin nan a wurin bincike ake yin sa. A fara da tsinken awo, a bi kewayen haƙorin milimita bayan milimita, ba a wurare biyu ko uku kawai ba. Idan tsinken ya nutse kwatsam a wani siririn wuri guda alhali gefe da gefensa lafiya lau, to ko dai mugunya ce ta yi wa kanta hanya ta gefen saiwa, ko kuma saiwar ta tsage a tsaye. Idan akwai ɗan ƙurji a dasashi mai fitar da mugunya, a zura siririn tsinken gata-faca, wato robar da ake cike magudanar saiwa da ita, a cikinsa a ɗauki hoto, domin ƙurjin kan fito nesa da haƙorin da ya haife shi. A gwada ran haƙoran da ke maƙwabtaka da shi, a rubuta sakamakon, don babban rami kan lulluɓe saiwoyin da ɓargonsu ke da rai, kuma kankara ba bisa lura ba na iya katse musu jini.

Hoton eksire na yau da kullum yana nuna faɗi da tsayi ne kawai, ba ya nuna zurfi, kuma yakan rage wa rami girmansa na gaskiya. Hoton CBCT, wato eksire mai nuna har da zurfi, shi ne ke nuna ko bangon ƙashi na wajen leɓe yana nan, ko na wajen ganɗa ko harshe ya cinye, da tazarar ramin daga kogon iska na muƙamuƙin sama, da daɓen hanci, da babbar jijiyar muƙamuƙin ƙasa da kafar da take fitowa kusa da ƙananan turame. Duk inda ake tunanin sa tantani, ni a ganina wannan hoto ya zama dole.

Von Arx da Cochran a 2001, da kuma Kim da Kratchman a 2006, sun kasa waɗannan giɓoɓi kashi-kashi, amma a wajen aiki za a iya tattara su gida huɗu. Akwai ƙaramin rami a tsinin saiwa wanda ƙashi ya kewaye shi ta ko'ina sai ƙofar da likita ya buɗe. Wannan a bar shi da gudan jininsa, domin babu abin da za a zuba masa da ya fi jinin, kuma gwaje-gwaje ba su nuna cewa tantani na ƙara masa komai ba. Akwai babban rami mai faɗin da ya haura milimita 10, wanda yakan warke da kansa amma a hankali, kuma taimako na iya yi masa amfani. Akwai ramin da ya ɓulle fuska biyu, ya cinye bangon waje da na ciki ya zama kamar taga; wannan an fi ganinsa a haƙorin gaba na biyu na sama, saboda saiwarsa takan karkata wajen ganɗa. Sai na huɗu, mafi wuyar sha'ani, inda ramin tsinin saiwa ya haɗe da aljihun dasashi, wato rarar da ke buɗewa tsakanin dasashi da haƙori, ƙashin da ke rufe saiwar ta waje ya tafi tun daga wuyan haƙori har tsini. Skoglund da Persson sun bibiyi irin waɗannan haƙora a 1985, kafin a fara sa tantani a wannan tiyata, suka tarar kashi 37 cikin ɗari ne kawai suka warke. Nazarin da Tsesis da abokansa suka tattara a 2011 ya karkata ga cewa amfanin dabarar ya fi fitowa a manyan ramuka da masu ɓullewa fuska biyu, kuma tantani mai narkewa ya fi ba da sakamako mai kyau.

Mataki na biyu: a tace wanda ya dace, a kuma yi masa bayani

Saiwar da ta tsage a tsaye ba ta da magani sai cirewa, kuma zuba mata garin ƙashi asarar kaya ce da ɓata wa majiyyaci lokaci. Haka nan haƙorin da ruɓa ta ci shi har ba zai ɗauki hula ba, wato murfin da ake kifa wa haƙori, ko wanda saiwarsa gajeriya ce ta yadda idan aka rage milimita 3 ba abin da zai saura ya riƙe shi. Idan cikon da ke saman haƙori yana yoyo, a gyara shi tukuna, don toshe ƙasa alhali sama a buɗe aikin banza ne.

Ta fuskar lafiyar jiki, a tambayi majiyyaci ko yana karɓar magungunan hana zaizayewar ƙashi irin su bisfosfonet ko denosumab, musamman na allura da ake ba masu ciwon daji, ko an taɓa gasa masa muƙamuƙi da hasken maganin ciwon daji, domin a waɗannan yanayi taɓa ƙashi na iya jawo mutuwar ƙashin. Mai ciwon suga a tabbatar sugansa ya daidaita. Mai shan maganin tsinka jini kada a ce ya daina da ka, a tuntuɓi likitan da ya ɗora shi a kai. Mai shan taba kuwa a gaya masa gaskiya ƙiri-ƙiri cewa hayaƙi yana matse ƙananan hanyoyin jinin dasashi, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke sa ɗinki ya buɗe tantani ya fito fili. Baki mai datti da dasashi mai zubar jini a fara wanke su makonni kafin ranar aiki.

Akwai wani bayani da ake yawan tsallakewa, wato asalin kayan da za a sa. Wasu daga jikin ɗan Adam mai bayarwa aka samo su, wasu daga shanu, wasu daga alade, wasu kuma haɗin masana'anta ne zalla. Haƙƙin majiyyaci ne ya san wannan kafin ya sa hannu, domin akwai masu ƙin wani iri saboda imaninsu ko ra'ayinsu, kuma kusan kullum akwai madadi.

Mataki na uku: kashe wuri, yanka da ɗaga falle

Majiyyaci ya kuskure baki da kulohekzidin, ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, na tsawon minti ɗaya. Allurar kashe wuri a nan aiki biyu take yi, hana zafi da tsayar da jini, shi ya sa masu wannan tiyata kan yi amfani da lidokain mai kashi 2 cikin ɗari haɗe da adirenalin 1 cikin 50,000 a kewayen tsinin saiwa, sai dai ga mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, wanda za a rage masa. A jira minti 10 ko fiye kafin a yanka, har dasashin ya yi fari-fari.

Tsarin yanka shi ne wurin da shirin sa tantani ke sauya komai. Ƙa'idar ita ce layin ɗinki ya kwanta a kan lafiyayyen ƙashi, nesa da bakin rami da bakin tantani. Yanka mai siffar jinjirin wata da aka saba a dā ba shi da gurbi a nan, saboda yakan faɗo daidai kan ramin kuma yana barin tabo. Yankan da ke bi ƙasa da bakin dasashi yana da kyau ga haƙoran gaba masu hula, amma yana buƙatar aƙalla milimita 2 na dasashi mai manne da ƙashi a bar shi a sama, kuma bai dace da babban rami ko wanda ya haɗe da aljihu ba. A waɗannan a bi wuyan haƙora, a sauko da yanka ɗaya ko biyu a tsaye, haƙori ɗaya ko biyu nesa da ramin, a kiyaye tsinin naman da ke tsakanin haƙora. A ɗaga fallen dasashin da aka yanka gaba ɗaya tare da fatar ƙashi, a fara daga yankan tsaye, a bi a hankali. Inda bangon ƙashi ya cinye, fallen kan manne da naman ramin, kuma a nan ne yakan huje idan aka yi gaggawa; a raba su da tsinin aska maimakon a fizga. Abin janye falle ya tsaya a kan ƙashi, kada ya danne naman, a kuma riƙa jiƙa fallen da ruwan gishiri kada ya bushe.

Mataki na huɗu: kawar da tushen cutar

Wannan ne ainihin maganin, duk abin da zai biyo baya ƙari ne. Idan bangon ƙashi yana nan, a buɗe ƙofa ƙarama, milimita 3 zuwa 4 sun isa, da ruwa mai yawa yana sanyaya wurin, don zafi yana kashe ƙwayoyin ƙashi. A kankare naman ramin da ƙananan cokula, a fara raba shi da bango da bayan cokali sannan a ɗauke shi dunƙule idan zai yiwu, a jefa shi a kwalbar fomalin a aika ɗakin gwaji. Kada a yi kasala da wannan: yawanci kumburi ne ko jakar ruwa ta tsinin saiwa, amma jefi-jefi sakamako kan dawo da sunan wani ciwo dabam wanda ke buƙatar wata kulawa.

A yanke milimita 3 daga tsinin saiwa, a miƙe ko da ɗan karkata da bai wuce digiri 10 ba, saɓanin digiri 45 na dā wanda ke buɗe ƙananan kafofin saiwa masu yawa ya kuma ci ƙashin waje. Dalilin milimita 3 shi ne binciken da Kim da abokansa suka yi a Jami'ar Pensilbaniya ya nuna cewa wannan tsawo yana ɗauke kashi 98 cikin ɗari na rassan tsini da kashi 93 na magudanun gefe. Sai a tsayar da jini da audugar adirenalin ko wani abin tsayarwa, a shafa shuɗin rini na metilin a kan yankakkiyar fuskar saiwar, a wanke, a busar, a duba da madubin tiyata mai ƙara girma.

Abin da ake gani a wannan lokaci ya cancanci a tsaya a kansa. Fuskar saiwar takan bayyana kamar yankakken rake: zoben shuɗi a kewaye shi ne zaruruwan riƙo, kuma idan zoben bai zagaye duka ba, alama ce cewa ba a yanke saiwar har ƙarshenta ta baya ba. A tsakiya ga jan ɗigon tsohon ciko, sau da yawa da baƙin layi a gefensa inda yake yoyo. A saiwa mai magudana biyu za a ga siririn zare shuɗi ya haɗa su, wato mashigin da kayan aikin ciki ba sa taɓa kai wa, kuma nan ne ƙwayoyin cuta ke ɓuya shekara da shekaru. Idan kuwa aka ga layin shuɗi ya ratsa daga magudana har bakin saiwa, tsaguwa ce, kuma gara a dakata a gaya wa majiyyaci tun a nan.

Da bakin na'urar altirasonik a haƙa rami mai zurfin milimita 3 a cikin magudanar, a bi tsayin saiwa, a haɗa da mashigin, a busar, a cika da simintin toshe saiwa da ake kira MTA ko wani siminti na bayoseramik. Torabinejad ne ya samar da MTA a Jami'ar Loma Linda ta Amurka a shekarun 1990, kuma falalarsa ita ce yana daskarewa cikin danshi, jiki kuma yana iya shimfiɗa sabon ɓawon saiwa a kansa. Nazarin Setzer da abokansa na 2010 ya nuna nasarar kashi 94 cikin ɗari ga wannan salo na zamani, da kashi 59 ga tsohon salo. Wannan tazara daga madubi da altirasonik da abin toshewa ta fito, ba daga tantani ba, kuma ya kamata mai ɗokin sayen garin ƙashi ya riƙe hakan a ransa.

Kafin a wuce, a kwashe duk abin tsayar da jinin da aka sa. Gishirin ƙarfe da ake shafawa yana barin baƙin gudaji mai hana warkewa, audugar da aka manta kuma takan zama sabon tushen kumburi, don haka a ƙirga abin da aka sa a ƙirga abin da aka fitar. A kankari bangon ramin a hankali har sabon jini ya tsattsafo, domin daga wannan jini ne masu gina ƙashi za su fito.

Mataki na biyar: zaɓen kaya

Tantani iri biyu ne. Wanda ba ya narkewa, irin na robar da ake kira ePTFE, yana riƙe wuri sosai, amma sai an sake yanka bayan mako 4 zuwa 6 an cire shi, kuma idan ya fito fili ƙwayoyin cuta kan yi masa rubdugu. Mai narkewa, akasari na kolajin, wato furotin na fata da jijiya, daga shanu ko alade, shi aka fi amfani da shi yanzu a wannan tiyata: yana manne wa ƙashi idan ya jiƙe, nama yana karɓarsa, ba ya buƙatar aiki na biyu. Rauninsa shi ne laushi, yana lotsawa cikin rami idan babu abin da ya tokare shi.

Abin cika rami kuwa, ƙashin majiyyacin kansa ne kaɗai ke zuwa da rayayyun ƙwayoyi, sai dai samunsa na nufin wani rauni a wani wuri, kuma ba kasafai ramin tsinin saiwa ke cancantar hakan ba. Ƙashin ɗan Adam da aka sarrafa aka busar yana narkewa, sabon ƙashi ya maye gurbinsa cikin watanni. Na shanu da aka cire wa furotin, irin su Bio-Oss, yana riƙe siffa da kyau amma yakan zauna shekaru bai narke ba, abin da ke da tasiri a karatun hoto nan gaba. Na masana'anta sun haɗa da kalsiyam salfet, wanda ke narkewa cikin makonni kuma yana taimakawa wajen tsayar da jini, da tirai-kalsiyam fosfet da haidiroksi-afatait. Akwai kuma PRF, wanda Choukroun ya gabatar a Faransa a 2001: ana ɗibar jinin majiyyaci ba tare da maganin hana daskarewa ba, a juya shi a na'ura na minti 10 zuwa 12, a ɗauki rawayan gudan da ke tsakiya. Yana taimaka wa nama mai laushi ya warke, ana kuma iya cakuɗa shi da garin ƙashi ya dunƙule, amma yana narkewa cikin mako ɗaya ko biyu, don haka ban ɗauke shi a matsayin cikakken shinge a babban giɓi ba.

Mataki na shida: cikawa da shimfiɗa tantani

A fara yanka samfuri daga takardar da aka naɗo zaren ɗinki a ciki, tunda ita ma tsarkakakkiya ce, a gwada shi a kan ramin, sannan a yanka tantanin daidai da shi. Ya zarce bakin rami da milimita 2 zuwa 3 ta kowace fuska, kusurwoyinsa a zagaye don kada su huda falle, kuma ya tsaya nesa da layin yanka. A jiƙa garin ƙashi da ruwan gishiri ko jinin majiyyaci, a zuba shi kaɗan-kaɗan, a danna a hankali. Kuskuren masu koyo shi ne su cusa shi tam kamar ana daɓe. Hanyoyin jini suna buƙatar sarari tsakanin ƙwayoyin garin, kuma ramin da aka danƙare ko aka tula ya wuce bakinsa yakan jinkirta warkewa ya kuma ja falle. Idan tantanin mai fuska biyu ne, irin Bio-Gide, fuska mai santsi ta kalli dasashi, mai kaushi ta kalli ƙashi.

A ramin da ya ɓulle fuska biyu, ƙofa biyu ce za a rufe. Na taɓa aiki a kan haƙorin gaba na biyu na wata matashiya, na ɗora ɗan yatsana a ganɗarta ina kankara ta waje, sai na ji bakin cokali yana motsi a ƙarƙashin yatsan, babu komai tsakaninmu sai fatar ganɗa. A irin wannan hali ba sai an ɗaga ganɗa ba: a yanka guntun tantani, a lanƙwasa shi, a shigar ta cikin ramin, a buɗe shi a manna a kan kafar ciki ta yadda gefunansa za su hau ƙashi, sannan a zuba gari, a rufe ta waje da na biyu. Wanda ya rufe waje kaɗai ya bar ciki ya kulle ƙofar gaba ne ya bar ta baya a buɗe. Haka ake yi idan ramin ya ɓulla kogon iska na sama: tun kafin yanke saiwa a toshe kafar da ƙyalle mai zare don kada guntu ya faɗa ciki, daga baya a shimfiɗa kolajin a kai kafin a kawo gari kusa.

Inda ramin ya haɗe da aljihun dasashi, saiwar tsirara take daga sama har ƙasa, kuma fatar dasashi na jira ta gangaro ta kanta. A kankare tsakuwar haƙori da dattin da ke jikin saiwar, amma kada a goge lafiyayyun zaruruwan da suka saura a gefe, don su ne irin da sabon riƙo zai tsiro daga gare shi. A shimfiɗa gari a kan saiwar da cikin ramin, a rufe da tantani tun daga ƙasan ramin har kusa da wuyan haƙori, a ɗaure shi da zare mai narkewa a kewayen haƙorin idan yana zamewa, a tabbatar falle ya rufe shi ruf. Ko da an yi komai daidai, wannan rukuni shi ne mafi ƙarancin tabbas, kuma ya dace majiyyaci ya san haka tun farko.

Mataki na bakwai: rufewa

Fallen ya koma mazauninsa ba tare da an ja shi ba. Idan yana ja, a ɗan tsaga fatar ƙashi ta cikinsa daga ƙasa don ya saki, tare da lura da jijiyar da ke fitowa kusa da ƙananan turamen ƙasa. A ɗinka da siririn zare mai silli ɗaya, lamba 5-0 ko 6-0, a fara da kusurwoyi. A danna da jiƙaƙƙen ƙyalle na 'yan mintuna, amma a gefen ramin, ba a tsakiyarsa ba, kada tantani ya lotsa. A ɗauki hoto nan take, shi ne ma'aunin da za a gwada na gaba da shi, a kuma rubuta sunan kaya da lambar kowanne a katin majiyyaci.

Kwanakin bayan aiki da bibiya

Kumburi yakan kai ƙololuwa a rana ta biyu ko ta uku, kuma idan ba a faɗa tun farko ba majiyyaci zai ɗauka aikin ya ɓaci. Ya riƙa ɗora abu mai sanyi a kunci a ranar farko, minti 20 a kai minti 20 a huta, ya sha ibufurofen ko farasitamol idan babu abin da ya hana shi, ya ci abinci mai laushi ta ɗaya gefen, kada ya riƙa ɗaga leɓe yana leƙen ɗinki a madubi. Daga rana ta biyu ya kuskure da kulohekzidin sau biyu a yini, ya bar goge wurin da buroshi har a cire zare. Wanda aka taɓa masa kogon iska kada ya fyace hanci da ƙarfi na mako biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba dole ba ne a tiyatar tsinin saiwa ta mai lafiya, ko da yake likitoci da dama kan ba da shi idan an sa gari da tantani a babban rami. Hukunci ne da ake yankewa ga kowane majiyyaci. Zaren da a aiki marar tantani ake cirewa cikin kwana 3 zuwa 5, a nan gara a bar shi kwana 7 zuwa 14.

Idan ɗinki ya ɗan buɗe kolajin ya leƙo, kada a yi saurin fizge shi. A tsaftace wurin da kulohekzidin, a riƙa duba shi kowane mako, yawanci nama kan rufe shi. Idan kuwa mugunya ta taru, gari na fitowa tare da ita, sai a buɗe a kwashe a wanke. Ɗan garin da ke fitowa a kwanakin farko ba tare da zafi ko kumburi ba, ba abin damuwa ba ne. Kada a zura tsinken awo a wurin da aka gyara aljihu sai bayan wata 6.

Ana duba majiyyaci a wata 3 da wata 6, amma hukunci na farko a shekara ɗaya ake yanke shi, bisa ma'aunin da Rud da abokansa suka kafa a 1972, Molven da abokansa suka sabunta a 1987: cikakkiyar warkewa, warkewa da tabo, rashin tabbas, ko rashin warkewa. Wanda ke cikin rashin tabbas ana bibiyarsa har shekara 4. Ramin da ya ɓulle fuska biyu kan bar ɗan duhu marar siffa da ya rabu da tsinin saiwa, wannan tabo ne, kuma muddin babu zafi ko ƙurji ba a sake buɗe shi. Inda aka zuba ƙashin shanu kuwa sai an yi hattara ta ɗaya ɓangaren, domin garin yana haske a hoto tun ranar farko, kuma rami na iya bayyana a cike alhali cuta na nan a ƙarƙashi. A irin wannan hoto a nemi siririn layin zaruruwan riƙo a kan yankakkiyar fuskar saiwa, a duba ko iyakar gari da tsohon ƙashi ta ɓace, sannan a ƙwanƙwasa haƙorin, a danna dasashi, a bi wuyansa da tsinken awo. Idan ƙurji ya dawo ko tsinke ya sake nutsewa a siririn wuri guda, a sake ɗaukar CBCT a fara neman tsaguwar saiwa ko magudanar da aka tsallake, kafin a yi tunanin sake zuba wani gari.